Yaron da Ba Shi da Sarki: Tarihin Sadaka da Gidajen da ke Renon Masu Raunin Ƙwaƙwalwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raba hankali tsakanin bayinsa kamar yadda ya raba arziki, ya ba wani da yawa, ya ba wani kaɗan, domin ya jarraba kowa da abin da ya ba shi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi na ƙasar Magarya da Dungas, da masu saurarenmu daga Waca da Bande da Sasumburum, har zuwa Guci da Malawa da Dogo-Dogo, darasinmu ya shafi wani mabuƙaci wanda ba mu saba ganinsa a ƙofar masallaci ba. A cikin wannan wata mai alfarma, idan aka tashi daga tafsiri, mai niyyar sadaka ba ya shan wahalar neman wanda zai ba. Ga makaho da ɗan jagoransa, ga gurgu bisa kekensa, ga almajiri riƙe da ƙwarya. Amma akwai wani yaro a cikin gida, a bayan danga, wanda ya kai shekara goma bai iya ɗaura wandonsa ba, ko ya kai goma sha biyar bai bambance dala da jaka ba, ko kuwa har yanzu sai an ba shi fura a baki. Ba mahaukaci ba ne, domin ba hankalinsa ne ya gushe bayan yana da shi ba. Fahimtarsa ce ta taso da rauni tun yana ƙarami. Likitoci suna kiran wannan hali raunin ƙwaƙwalwa, malaman fiƙihu kuwa suna ce wa mai shi ma'atuhi. Mu kuma a bakin hanya muna da sunayen da muke jifansa da su, waɗanda bai dace a maimaita su a majalisin ilimi ba. Za mu bi diddigin yadda Musulmin farko suka riƙe irin wannan yaro da mahaifiyarsa, da yadda kakanninmu suka yi, da dalilin da ya sa sadakarmu ta yau take wuce ƙofar gidansu.

Mu fara daga Madina. Imamu Muslim ya ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah ya ƙara masa yarda, cewa wata mace mai rauni a hankalinta ta tare Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana da buƙata a wurinsa. Bai tura ta ga wani ba. Ya kira ta da alkunya irin ta girmamawa, ya bar mata zaɓin lungun da take so su tsaya, ya kuwa tsaya da ita har ta gama faɗin abin da ke ranta. Haka nan Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani sahabi da ake yawan cuta a ciniki. Masu sharhi sun ce Habbanu ɗan Munƙizu ne, wasu suka ce mahaifinsa ne, kuma wani rauni ne da ya samu a ka ya taɓa harshensa da tunaninsa. Annabi bai hana shi shiga kasuwa ba, sai ya koya masa kalmar da zai riƙa faɗi yayin ciniki, wadda ke sharɗanta cewa babu yaudara. Alƙur'ani mai girma kuwa, a aya ta 5 ta Suratun Nisa'i, ya hana a danƙa dukiya a hannun wanda bai iya sarrafa ta ba, kuma a cikin ayar nan ɗaya ya wajabta a ciyar da shi daga cikinta, a tufatar da shi, a yi masa magana mai daɗi. A aya ta 282 ta Suratul Baƙara an ɗora wa waliyyinsa ya tsaya a madadinsa da adalci idan za a rubuta bashi.

Da daula ta yalwata a zamanin Umaru ɗan Haɗɗabi, wanda ya yi halifanci daga 634 zuwa 644, sai aka kafa diwani, wato rajistar waɗanda ake yanka wa rabo daga baitulmali. Masu tarihi, cikinsu har da Ibnu Sa'ad, sun kawo cewa wani ayarin fatake ya sauka a Madina, Umaru da Abdurrahmani ɗan Aufu suka kwana suna gadinsa. Cikin dare Umaru ya yi ta jin kukan jariri, ya je wurin uwar har sau uku yana yi mata faɗa. Ita kuwa ba ta san ko wane ne ba, sai ta gaya masa cewa yaye take yi masa tun lokaci bai yi ba, domin Umaru ba ya yanka rabo sai ga yaron da aka yaye. Da gari ya waye Umaru ya yi sallar asuba kuka na rinjayar karatunsa, sannan ya sa aka yi shela cewa kowane jariri yana da rabo tun daga haihuwa. Ku riƙe wannan ƙissa, ya ƴan'uwa, domin za mu komo gare ta. Umaru bai tsaya ga laifin matar ba, ya gane cewa tsarin rabonsa ne ya tura ta ga abin da take yi, sai ya gyara tsarin. Bayansa, Walidu ɗan Abdulmaliki, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya yanka wa kutare abin masarufi ya hana su bara, ya ba kowane gurgu mai hidima, ya ba kowane makaho ɗan jagora, kamar yadda Ɗabari ya kawo a tarihinsa.

Wannan gado ya iso ƙasarmu ta hanyar littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamanmu. Risala ta Ibnu Abi Zaidil Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta bayyana cewa ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga, da sharaɗin ya balaga ba shi da naƙasar da ke hana shi nema. Wanda ya balaga cikin naƙasa, ciyarwarsa ba ta faɗuwa daga wuyan uba, ko da furfura ta fito masa. Ta kuma jera masu haƙƙin reno: uwa, sannan kaka, sannan ƴar'uwar uwa, sannan sauran dangi. Muhtasar na Shehu Halilu ya keɓe babi guda kan tsare dukiyar yaro da mahaukaci da wanda bai iya riƙon kuɗi ba. A mazhabarmu ana fitar da zakka daga dukiyar mai raunin hankali idan ta kai nisabi, domin shi cikakken mai mallaka ne. Rabonsa na gado kuwa daidai yake da na ɗan'uwansa mai kaifin basira, ba a rage masa ko taki ɗaya na gona.

To, yaya kakanninmu suka yi aiki da wannan? A manyan biranen ƙasar Hausa, irin su Kano da Katsina da Damagaram, an daɗe da sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu. Waɗannan sarakuna suna sasanta jama'arsu, suna saukar da baƙonsu, suna karɓar abin da fada da attajirai suka bayar su raba, suna kuma kai kukansu gaban sarki. Har unguwanni aka san su da su, kamar Kara-Kara a birnin Damagaram, wadda asalinta matsugunin kutare ce. Tsari ne mai hikima, kuma ya raya mutane da yawa. Sai dai duk wanda ya shiga cikinsa baligi ne mai cikakken hankali, wanda ya san ranar kasuwa, ya san ƙofar mai bayarwa, ya iya ƙirga abin da ya samu, ya iya kai ƙara idan an zalunce shi. Mai raunin ƙwaƙwalwa ba ya iya ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saboda haka bai taɓa samun sarki ba, bai taɓa samun unguwa ba. Ko da zamani ya zo da makarantun makafi da na kurame a Yamai, da makarantar Tudun Maliki a Kano, da ƙungiyoyin naƙasassu masu shugabanni da ofisoshi, mafi yawansu a kan wancan tsohon tubali aka gina su, wato masu iya magana da bakinsu su ne suka fara samun wurin zama.

Abin da ya riƙe wannan yaro a da shi ne gandu. A ƙasar Sosebaki, wato Dungas da Waca da Mirya, wadda daga baya ta shiga ƙarƙashin daular Damagaram, da sauran ƙauyukan kudu, uba da ƴaƴansa magidanta gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya suke ci. Gida mai mata biyar ko shida ba ya rasa wadda za ta kula da yaro idan uwarsa ta tafi rijiya, ga kuma kaka zaune a ƙofar ɗaki. Idan rauninsa mai sauƙi ne, akan ba shi korar tsuntsaye a gona ko bin awaki tare da ƙannensa, ya ci daga rumbun gandu ba tare da an auna yawan aikinsa ba. Zakkar hatsi ma a nan ƙauyen ake fitar da ita a lokacin kaka, dami ɗaya cikin goma, kuma mai fitarwa ya san kowane gida da abin da ke cikinsa. Ba muna cewa zamanin ya kuɓuta daga aibi ba ne. An yi ta tsokanar irin waɗannan yara, an ɗaure wasu da igiya, an kuma yi camfin ɗan ruwa, wanda za mu yi magana a kansa. Amma nauyin bai taɓa zama a kan mace ɗaya tilo ba.

Daga farkon ƙarni na 20 wannan rumfa ta fara yoyo. Faransawa suka ci Damagaram a 1899, suka ɗora harajin kai wanda sai da kuɗi ake biya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin sayarwa, ƙasar Magarya kuwa ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren nomanta. Saurayi ya ga zai iya samun kuɗin kansa daga gamanarsa, sai zaman gandu ya fara yi masa nauyi. Yunwa ta biyo baya sau da yawa: Kakalaba a 1913 zuwa 1914, farin 1973 zuwa 1974, da ta 1984 wadda mutanenmu suka sa wa suna El Buhari, sannan matsalar abinci ta 2005. Kowace ta tafi da dabbobi, ta watsa gidaje, ta koya wa maza hanyar ci-rani zuwa Kano da Legas da Agadas da Libiya. Jama'a kuma ta yi ta ƙaruwa gonaki na tsukewa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 570,000 a gundumar Magarya, da fiye da 350,000 a gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011. Gonar da kaka ya noma da ƴaƴansa an raba ta gida goma. A yau sai ka tarar da mace ita kaɗai da ƴaƴa shida, miji yana ci-rani wata bakwai, ɗaya daga cikin yaran kuma ba a iya barinsa ko na sa'a guda kusa da wuta ko rijiya. Ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa aikatau, ba ta zuwa biki ko ta'aziyya, har makarantar Islamiyya ta matan aure ta gagare ta.

Yanzu mu komo ga camfin ɗan ruwa. Akwai masu cewa irin wannan yaro aljani ne aka musanya, ko uwarsa ce ta yi wanka da dare, ko alhakin wani ne ya kama ta. Da wannan magana an saki mata, an ƙaurace wa gidaje, an kuma kai yara inda bai kamata a kai ɗan Adam ba. Wannan zato ne marar tushe a shari'a, kuma Allah ya sanar da bayinsa sabubban abin. Wani tun a ciki yake tahowa da shi, kamar lalurar da wani likitan Ingila mai suna Down ya siffanta a 1866, wadda masu bincike a birnin Paris suka gano a 1959 cewa ƙari ne a cikin ƙwayoyin halitta, ba laifin uwa ba ne, ba kuma na uba ba. Wani doguwar naƙuda ce ta hana iska isa ƙwaƙwalwarsa. Wani shawara ce ta kama shi a kwanakin farko ba a kai shi asibiti ba. Wani rashin sinadarin aidin ne a abincin uwa, wanda shi ne kuma ke kawo maƙoƙo. Da yawa kuwa lafiya lau aka haife su, sai zazzaɓin cizon sauro mai jijjiga, ko sanƙarau, ko tamowa mai tsanani ta bar musu tabo.

Waɗannan cututtuka uku na ƙarshe ba baƙi ba ne a wurinmu. Tun 2005 ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, wato MSF, take aiki tare da ma'aikatar lafiya a sashen yara na asibitin Magarya. A daminar 2018 ƙungiyar ta sanar cewa yara 730 ne ke kwance a sashen a lokaci guda, kuma a watan Agusta kimanin yara goma ke rasuwa kowace rana, galibinsu saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma 342 daga cikin waɗanda suka kamu ƴan gundumar Dungas ne. Hukumar ta ce kimanin ɗaya cikin biyar na waɗanda irin wannan sanƙarau ya kama yakan bar su da lahani mai ɗorewa, kamar kurumta ko farfaɗiya ko raunin tunani. Waɗanda suka rasu mun yi musu salla, mun yi wa iyayensu ta'aziyya. Waɗanda suka tashi da tabo kuwa an sallame su sun koma ƙauye, kuma daga ranar aikin uwa ya fara, aikin da zai iya kai shekara talatin ko arba'in.

Hukumomi sun yi nasu ƙoƙari. Nijar ta kafa dokar kare naƙasassu a 1993, ta mai da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006, ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ta kuma sake wata doka a 2019. An fara rigakafin sanƙarau na MenAfriVac a 2010, da rabon maganin rigakafin zazzaɓi ga yara a lokacin damina a 2013. Maƙwabtanmu na Jigawa sun fara biyan wasu naƙasassu naira 7,000 a wata a 2007. Duk wannan alheri ne, kuma wajibi ne mu kai ƴaƴanmu rigakafi. Sai dai doka ba ta san gidan da ke bayan masallacinku ba, ku ne kuka san shi.

A nan ne ƙissar Umaru take komowa. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya. 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, kuma galibinsu daga ƙasar Kance suka fito. A watan Maris 2022 gwamnati ta kwaso ɗaruruwan ƴan ƙasa daga titunan Dakar inda suke bara, mafi yawansu mata da yara, aka kuma ambaci Kance da Magarya a matsayin inda suka fito. An yi ta zargin matan, kuma lalle jefa yaro cikin wannan haɗari ba abin yarda ba ne. Amma mu tambayi kanmu irin tambayar da Umaru ya yi wa kansa. Idan al'umma ta saba ba ta bayarwa sai ga wanda ya fito titi ya miƙa hannu, me take koya wa uwar da ke da yaro mai naƙasa? Wadda ta fito da shi ta zaunar a rana tana samun na tuwo, wadda ta rufa masa asiri a ɗaki tana kwana da yunwa. Alƙur'ani, a aya ta 273 ta Suratul Baƙara, ya ja hankalinmu ga mabuƙatan da kamun kai ya hana su roƙo har wanda bai sani ba yake zaton mawadata ne, ya kuma nuna cewa da alamunsu ake gane su. Mai son gane alama kuwa sai ya taka ya je.

Saboda haka ga abin da muke kira gare shi. Kowane masallacin Juma'a ya zaɓi amintattu kaɗan, a haɗa da mata, irin su unguwarzoma da malamar Islamiyya, domin su ne ke shiga cikin gidaje. Su san gidajen da ke da irin waɗannan yara, su riƙe sirri, kada a karanta sunan kowa a lasifika, kada a ɗauki hoton yaro a watsa. Zakkar kono, sa'i ɗaya a kan kowane rai, a kai musu tun kafin a tafi idi. Zakkar hatsi, wadda ke wajaba idan amfani ya kai wusƙi biyar, wato sa'i 300, malamanmu sun ce a inda ta wajaba ake raba ta, don haka a fara da su idan matalauta ne. Ku sani ba a ba da zakka ga wanda ciyar da shi ke kanka, amma ƴar'uwarka ko gwaggonka matalauciya da ke renon irin wannan yaro ta halatta a ba ta, kuma ka haɗa ladan sadaka da na zumunci. Sadakar nafila kuma kada ta ƙare da ganin watan Shawwal. A ajiye wani abu domin tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare zazzaɓi kuma ya yi yawa.

Ba hatsi kaɗai ake buƙata ba. Wanda ke da akuya ya ba da ita kiwo irin na habbanaye da muka koya daga Fulani, uwa ta samu nono da ƴaƴan akuya. Mai babur ya ɗauki nauyin kai yaro asibiti, mai hali ya sayi maganin farfaɗiya, wanda ba a son a yanke shansa. Matasa su yi wa gonar gidan gayya. Maƙwabciya ta karɓi yaron yini ɗaya a mako, uwar ta je kasuwa ko ta yi barci. Malamin allo ya bar shi ya zauna cikin yara ko da Fatiha kaɗai zai riƙe a shekara, ya kuma hana a tsokane shi. A kula ƙwarai da ƴaƴa mata masu wannan rauni, domin marasa tsoron Allah sun san ba su iya ba da labari. Mai gona da yawa ya yi tunanin mai da ɗaya wakafi, amfaninta ya riƙa zuwa ga waɗannan gidaje bayan ransa.

Ku kuma iyaye maza, ciyarwar nan tana wuyanku har ƙarshen rai, sakin uwar ba ya sauke ta. Ku ƴan'uwan yaro, rabonsa na gado amana ce a hannunku, ku noma masa, ku ciyar da shi daga ciki. Babu abin da ke hana uwar irin wannan yaro barci kamar tunanin wanda zai riƙe shi idan ta mutu. Dangi su zauna tun tana da rai, a gaban liman da shaidu, a ambaci waliyyinsa, a rubuta abin da ya mallaka. An ɗauke wa yaron alƙalami gwargwadon rauninsa, amma mu da ke kewaye da shi ana rubuta abin da muka yi.

Ya Allah, ka ba iyayen waɗannan yara haƙuri da lada, ka sanya wahalarsu ta zama nauyi a mizaninsu. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka jiƙan waɗanda suka riga mu, ka tsare ƙasarmu daga annoba da fari. Ka karɓi azuminmu da tsayuwarmu da sadakarmu, ka sa mu cikin ƴantattun wannan wata. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.